Yadda Ake Shirya Wa Yaran Firamare Zaman Karatu da Lissafi Mako-Mako a Gida

Yaro yana aji huɗu, sakamakon ƙarshen zango yana zuwa da kyau, amma idan aka miƙa masa katin ɗaurin aure aka ce ya karanta, sai ya tsaya yana kallon mutum. Wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu na Kano. A ajin da malami ɗaya ke fama da yara cunkus, yaro yakan haddace abin da aka rubuta a allo, ya yi amshi tare da sauran, ya wuce aji na gaba ba tare da ya iya haɗa baƙi ba. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da wasu hukumomi a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Zaman da za a bayyana a nan na awa ɗaya da rabi ne, sau ɗaya a mako, sai minti goma-goma a sauran ranaku. Uwa za ta iya jagorantarsa, uba zai iya, yaya ko anti da ke sakandare ma za su iya. Sharaɗinsa guda: a fara daga inda yaron yake tsaye, ko da ajinsa ya yi nisa da wurin.

Mataki na farko: ku auna yaron kafin komai

Ku samu takarda ku rubuta abu huɗu da rubutu manya-manya. A sama haruffa goma a warwatse, ba bisa jerin a, b, c ba, don wannan jerin waƙa ce da kowane yaro ya haddace. Ƙarƙashinsu kalmomi goma masu sauƙi: gida, ruwa, tuwo, akuya, makaranta da irinsu. Sai sakin layi mai gajerun jimloli huɗu. A ƙarshe labari mai jimla takwas zuwa goma.

Ku fara nuna masa sakin layin. Idan ya karanta a jere, bai yi kuskure fiye da biyu ko uku ba, ku ba shi labarin, sannan ku yi masa tambaya biyu a kai. Idan ya cije, ku sauko kan kalmomi. Idan nan ma ya gagara, ku sauko kan haruffa. Inda ya tsaya da ƙafarsa, nan ne matakinsa, ku rubuta da kwanan wata.

Lissafi ma haka. Ku nuna masa lambobi guda-guda, sannan masu biyu irin 14, 41, 60, 97. Daga nan ɗebewa mai aro, misali 42 a ɗebe 17. Ɗan aji huɗu zuwa sama ku ƙara masa rabawa guda ɗaya.

Kada a kira abin jarrabawa, kuma kada a yi shi a gaban ƙanne. Ku ja kowane yaro gefe shi kaɗai, ku ce, "Zo ka taya ni duba wannan takardar." Duk abin da kuka gani, ku danne zuciya. Ran uba yakan ɓaci idan ya ga ɗan aji biyar ya kasa karanta "makaranta" bayan kuɗin da aka yi ta zubawa, amma faɗan ranar farko shi ke kashe zaman tun bai fara ba.

Wannan hanya ta auna yaro a koyar da shi daga matakinsa ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa ta, kuma an fara gwada ta a nan jihar Kano a 2019 a makarantun gwamnati na Dawakin Tofa da Wudil, ƙarƙashin wani shirin koyar da karatu da lissafi mai suna KaLMA, ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Can ma bisa mataki aka riƙa raba yara rukuni-rukuni. Ku ma a gida haka za ku yi: masu haruffa da gaɓa wuri guda, masu kalma da jimla wuri guda, masu labari wuri guda. Zai iya faruwa yaya ya faɗa rukuni ɗaya da ƙanwarsa. Idan haka ta faru, ku ba shi muƙami don kada ya ji kunya: shi ne mai riƙe katuna, shi ne mai rubuta maki. Yana riƙe da katin yana gani, yana koyo.

Mataki na biyu: ku kafa rana

Yaron Kano ba shi da sarari sosai. Boko da safe, Islamiyya da yamma, wani ma da hadda ranar Asabar da Lahadi. Amma yawancin Islamiyyu da makarantun allo suna hutu Alhamis da Juma'a, shi ya sa yammacin Alhamis, daga bayan La'asar zuwa kafin Magariba, ya fi dacewa. Akwai hasken rana, ba ruwanku da wuta ta zo ko ba ta zo ba. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a soro. Lokacin zafi, wajen Afrilu, a jinkirta kaɗan rana ta yi sanyi, a ajiye ruwan sha kusa. Idan 'ya'yan maƙwabta za su shigo, kada su wuce takwas ga mutum ɗaya.

Ranar da aka kafa kada a ɗaga ta saboda suna ko barka. Idan mai jagoranta zai fita, wani ya zauna a madadinsa, ko da rabin awa ne.

Mataki na uku: kayan aiki

Kwalin taliya ko na sabulu a yanka shi ƙananan katuna kamar tafin hannun yaro. Tsinken tsintsiya guda ɗari biyu, a karya su tsawon ɗan yatsa biyu, da kyauron roba na ɗauri. Murafen lemo. Alli, don siminti ko jikin ƙofa ya isa allo. Littafin rubutu guda ga kowane yaro, wanda ba na makaranta ba. Duk a zuba a jaka ɗaya a rataye inda ƙananan ba za su kai ba.

Mataki na huɗu: minti arba'in da biyar na karatu

A buɗe da kunne. Minti goma na farko babba ya karanta musu wani abu da murya, ko ya ba su tatsuniya, kowa da kowa a tare. "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta." A tsakiyar labarin ku tsaya ku tambaya: "To, me kuke jin Gizo zai yi yanzu?" Ku bar su su yi gardama. Yaron da ya saba bin zaren labari da kunne, idan ya iya haɗa baƙi ba zai sha wuyar fahimta ba.

Sai a rabu rukuni-rukuni.

Masu haruffa su zauna da katunan gaɓa. Hausa tana da sauƙi a nan, domin wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Ku ɗauki baƙi uku kacal a mako, misali g, d, k, ku rubuta ga ge gi go gu, da de di do du, ka ke ki ko ku, kowace gaɓa a katinta. Ku baza a tabarma ku ce, "Wa zai ɗauko mini do?" Idan sun gane su, a shiga haɗawa: ga da do sun ba da gado, do da ki sun ba da doki, ka da ka sun ba da kaka. Ranar da yaro ya haɗa kalmarsa ta farko da hannunsa, ku bar shi ya ruga ya nuna wa duk wanda ke gidan.

Bayan makonni, idan gaɓoɓi sun taru, a yi wasan sarƙa: gaɓar ƙarshe ta kalma ita ce farkon ta gaba. Gado, doki, kifi, fito, tozo, zomo, mota, tasa. Kowa ya kawo tasa kalmar ya kuma rubuta ta da alli a ƙasa. Wanda ya rasa, sauran su taimake shi, ba a fitar da kowa daga wasa.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, suna bukatar makonsu na musamman, haka ts da sh. Yara da yawa, musamman na makarantun kuɗi da ba a koyar da Hausa sosai, ba a taɓa nuna musu su ba. Ku rubuta tagwaye a kati: kaya da ƙaya, baki da baƙi, kusa da ƙusa, kafa da ƙafa. Ku faɗi jimla, "Na taka ƙaya a hanyar masallaci," yaro ya ɗaga katin da ya dace.

Masu kalma da jimla kuwa, ku rubuta musu jimla a kan abin da suka sani, ku yayyanka ta kalma-kalma, ku cakuɗa, su jera. "Abba ya hau adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari." Idan sun jera, su canza kalma ɗaya su sake karantawa: Umma ta hau, Yaya ya hau, zuwa Rimi, zuwa Yankura. Kacici-kacici ma kayan karatu ne mai kyau saboda gajarta da daɗi. A rubuta "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" a kati, amsar a bayansa, sai wanda ya karanta tambayar da kansa zai juya ya ga tsintsiya ce. A rufe da shifta ta kalma biyar.

Masu labari su karanta shafi ɗaya sau uku. Na farko a hankali, ku gyara inda suka yi tuntuɓe. Na biyu su kaɗai. Na uku da murya, kamar mai karanta labarai a rediyo, suna tsayawa a aya suna ɗan numfasawa a waƙafi. Sannan tambayoyi, kuma a nan ne nake ganin aka fi yin sakaci. "Wa ya je kasuwa?" tambaya ce mai arha, yaro zai leƙa ya ɗauko amsa. Ku fi yawaita "Me ya sa?" da "Ta yaya ka sani? Nuna mini wurin," da "Da ke ce, me za ki yi?"

Aikin da na fi so wa wannan rukuni shi ne rubuta tatsuniyar kaka. Yarinya ta je wajen Hajiya da littafinta ta ce, "Hajiya, a ba ni tatsuniya zan rubuta." Ta rubuta yadda ta iya, ranar Alhamis a gyara tare, ta sake kwafewa da kyau, ƙaninta ya yi zane a gefe. Kafin zango ya ƙare gidan yana da littafinsa, kuma shi ƙananan za su fi son karantawa saboda sun san mai labarin.

Abin karantawa ana samu wajen masu sayar da littattafai a Kurmi da Sabon Gari, sai dai babba ya fara dubawa, domin littattafan soyayya sun fi yawa a kan tebur kuma ba na yara ba ne. Shafin African Storybook na intanet yana da labaran yara na Hausa masu hotuna kyauta, ana iya buɗewa a waya ko a buga a shagon kwamfuta. Kanun labarai na jaridar Aminiya ma sun isa ɗan aji shida.

Wasu iyaye za su ce Turanci suke so, shi ake jarrabawa da shi. Gaskiya ne, kuma za a kai can. Amma yaron da ke koyon haɗa baƙi cikin harshen da ba ya ji yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda: gane sauti da gane ma'ana. Da Hausa kuwa, kaya ɗaya kawai ya rage masa. Duk wanda ya kai matakin labari da Hausa, a ware masa minti goma na ƙarshe ya karanta littafin Turancinsa na makaranta, a nuna masa tun farko cewa wasulan Turanci, ba kamar namu ba, ba su tsaya kan sauti ɗaya ba.

Mataki na biyar: minti arba'in na lissafi

A sha ruwa, a miƙe ƙafa minti biyar, sai a kwance jakar tsinke.

Tushen lissafin firamare shi ne yaro ya gane cewa 4 ɗin da ke cikin 42 arba'in ce. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta haddar ƙa'ida yana mantawa. Ku sa su ƙirga tsinke goma su ɗaure da kyauro. Doka ɗaya ce: da tsinke sun kai goma, a ɗaure. Ku ja layi biyu da alli a ƙasa, gidan ɗauri a hagu, gidan tsinke a dama. Ku kira lamba, su ajiye. Talatin da shida: ɗauri uku, tsinke shida. Sittin: ɗauri shida, gidan tsinke wayam, nan za su ga amfanin sifili. Ku sa su ajiye 14 kusa da 41 su faɗi wanne ya fi yawa.

Ga yadda ake 42 a ɗebe 17. Yaro ya ajiye ɗauri huɗu da tsinke biyu. Ku ce, "Ba ni tsinke bakwai." Zai duba ya ce biyu ne kawai. "To ya za a yi?" Ku yi shiru, kada ku yi saurin faɗa masa. Zai yi jim, ya kalli ɗaurin, sai hannunsa ya kai kan kyauro ya kwance guda. Yanzu ɗauri uku ne, tsinke goma sha biyu. Ya ba ku bakwai, saura biyar. Ya ba ku ɗauri ɗaya, saura biyu. Ashirin da biyar. Sai a nan za a ɗauko littafi a rubuta, a soke 4 a mai da shi 3, a sa 1 gaban 2, kuna cewa, "Ka ga ɗaurin da ka kwance? Shi ne wannan aron." Idan yaro ya taɓa rubuta 35 a wannan lissafin, to ƙaramin yake ɗebewa daga babba a kowane gida, kuma tsinke ne maganinsa. Tarawa ma haka: 28 da 15, tsinke sun zama sha uku, a ɗaure goma a tura gidan hagu.

Kada a yi gaggawar barin tsinke. Mako huɗu ko shida a kansa ba asara ba ne.

Kowane mako a yi lissafi guda cikin labari, kuma na garinmu. Kiret ɗin ƙwai yana cin 30: a kawo fankon kiret su zuba murafe, su ga layi biyar ne na shida-shida, su juya shi su ga layi shida na biyar-biyar, amsa ba ta canza ba. Turmin atamfa yadi shida ne: Umma ta sayo turmi biyu a Kwari, kowace yarinya za a yanka mata yadi uku, mutum nawa za su samu? Su ja yadi goma sha biyu da alli su rarraba. Jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu a bar haddarsa sai sun gina shi da murafe, kuma a fara da na 2, 5 da 10.

Sau ɗaya a wata a buɗe shago. A jera fankon gwangwanin madara, kwalin ashana, sabulu, a manna farashi, a yanka takardu a rubuta 50, 100, 200, 500, 1000. Ɗaya mai shago, sauran masu saye, kuma dole mai shago ya rubuta ciniki a littafi. Za ku lura cewa yaron da ake aike, ko yarinyar da ke taya uwarta sayar da ƙosai, tana ba da canji da ka cikin ƙiftawar ido, amma a takarda sai ta rikice. Lissafin tana da shi. Ku tambaye ta, "Ya kika yi kika samu?" sannan ku rubuta abin da ta faɗa da lambobi a gabanta.

Rabi da kwata kuwa, gurasa ce malama. A raba biyu, a raba huɗu, a tambaya: kwata nawa ne a rabi? A cinye bayan an gama. Manyan da ke hadda sun riga sun san Alƙur'ani izu 60 ne, kuma kowane izu sumuni takwas. Rabin sauka izu nawa ne? Sulusi fa? Sumuni nawa ne a izu biyar? Daga nan har su kai 480 na gaba ɗaya. Sukan yi mamaki idan suka ga abin da suke ji a Islamiyya shi ne wanda ke ba su tsoro a boko.

Idan lokaci ya rage, a haƙa gurabun dara a ƙasa, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Tana koya wa yaro ya yi tunani kafin ya motsa hannu.

Mataki na shida: minti goma na sauran ranaku

Abin da aka koya Alhamis, idan ba a taɓa shi ba har wata Alhamis, rabi ya zube. Ba sai an shimfiɗa tabarma ba. Mai gaɓa ya karanta katunansa kafin abincin dare. Mai labari ya karanta wa Umma shafi ɗaya tana tuƙa tuwo, ko da ita ba ta yi boko ba, kunnenta zai gaya mata inda maganar ba ta hau ba. A cikin adaidaita su karanta allunan shaguna da rubutun bayan motoci. Idan an aiki yaro, ya faɗi canjin da zai dawo da shi kafin ya fita.

Lokaci-lokaci a mai da zaman fita. A Gidan Makama su karanta bayanan da ke jikin kayan tarihi, a ba su lissafin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499: shekara nawa ke nan? A Dutsen Dala kowa ya ƙirga matakala da kansa, a sama a gwada wa ya yi daidai da wa. A marinar Ƙofar Mata su gaisa da marina su yi tambaya, su dawo su rubuta jimla biyar. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad ma ya cancanci a kai su, ko don su ga manya zaune shiru suna karatu ba wanda ya sa su.

Mataki na bakwai: ku sake aunawa

Bayan mako shida a sake gwajin farko, da sababbin kalmomi da sabon labari don kada hadda ta ruɗe ku. Wanda ya hau mataki a canza masa rukuni a gaban kowa, a yaba masa da abin da ya yi takamaimai: "Wancan watan gaɓa kake haɗawa, yau ka karanta jimla huɗu." Bulala ba ta da wuri a wannan zama, haka kalmar "daƙiƙi", haka gwada shi da ɗan maƙwabta.

Idan an yi zagaye biyu yaro bai motsa ba alhali yana zuwa kowane mako, ku lura da shi sosai. Yana kai takarda dab da hanci? Yana ƙanƙance ido idan ya kalli allo? Sai an maimaita magana kafin ya amsa, ko kunnensa yana ruwa? To a kai shi asibiti a duba ido da kunne. Sannan ku ɗauki takardar gwajin ku je wajen malamin ajinsa, ku gaisa, ku ce, "Malam, ga inda muka ga yana tsayawa, a taimaka a dawo da shi layin gaba, kuma a gaya mana abin da za mu riƙa yi masa a gida."